Kwalejin da kotu ta hana a rufe: nazarin wata ƙaramar kwalejin Presbyterian a Amurka, 1869 zuwa 2019

Wannan nazari ya bi sawun wata ƙaramar kwaleji ce a kudancin jihar Pensilbaniya ta Amurka, wadda limaman cocin Presbyterian suka kafa domin 'ya'ya mata zalla. Ba za a kama sunanta ba, haka ma na shugabanninta, muƙamansu sun wadatar. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 matsalarta guda ce: ɗaliban da ke biyan kuɗin makaranta ba su kai yawan da zai ɗauki nauyin gine-gine da albashin malamai ba. Sau biyu wannan matsala ta kai ta bakin rami, a 1979 da kuma 2012, kuma hanyar da aka bi a karo na biyu dabam take da ta farko.

Asali: 1869 zuwa 1870

Presbyterian ɗarika ce ta Kiristoci 'yan Furotesta wadda ta kafu a Sikotland a ƙarni na 16 ta hannun John Knox, wanda ya ɗauki koyarwar John Calvin. Sunan ya fito ne daga kalmar Girkanci mai nufin dattijo, domin dattawan da jama'a suka zaɓa ne ke tafiyar da coci, babu bishop a samansu. Mai karatu a Najeriya ya taɓa cin karo da ita ko da bai riƙe sunan ba, domin ita ce ɗarikar Mary Slessor da ta sauka Kalaba a 1876. Mabiyanta suna da wata ɗabi'a: duk inda suka yada zango sai sun kafa makaranta, saboda a wurinsu wajibi ne mabiyi ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, limami kuma sai ya yi karatu mai zurfi kafin a ba shi mumbari. Shi ya sa ƙananan kwalejojinsu suka cika ƙauyuka da garuruwan Amurka.

Garin da ake magana a kansa yana cikin kwarin Cumberland, kimanin kilomita 40 yamma da garin Gettysburg. A ranar 30 ga Yuli 1864, ana tsakiyar yaƙin basasan Amurka, sojojin Kudu suka nemi mutanen garin su biya fansar dala 100,000 a zinari ko dala 500,000 a takarda. Ba a biya ba, suka cinna wa garin wuta. Shekara biyar kacal bayan haka wasu limamai biyu suka tashi neman kuɗin kafa kwalejin da za ta koya wa mata abin da ake koya wa maza: Latin, Girkanci, lissafi da kimiyya.

Kuɗin ya fito ne daga inda ba a zata ba. Wata dattijuwa 'yar gidan manoma, wadda ba ta taɓa aure ba kuma ita kanta ba ta yi karatun boko mai nisa ba, ta ba da dala 30,000 daga gadon da ta ci. Da wannan aka sayi gidan wani ɗan jarida kuma ɗan siyasa, gidan da shi ma ya ƙone a 1864 aka sake gina shi. Majalisar jiha ta ba da takardar izinin kafa kwalejin a watan Maris 1869, aka fara karatu a Oktoba 1870, aka sa wa kwalejin sunan dattijuwar. Ba ta daɗe ba ta rasu, a 1871.

A riƙe abu ɗaya tun daga nan, domin zai dawo bayan shekara 110: dukiyar an ba da ita ne da sharaɗin a koyar da mata a wannan wuri. Kwamitin amintattu ne ke riƙon ta. Coci tana da alaƙa da kwalejin, amma kuɗin tafiyar da ita daga aljihun iyayen ɗalibai yake fitowa, sai gudummawar masu hali da ribar asusun ajiya.

Shekarun yalwa, zuwa 1968

Kusan ƙarni guda abin ya tafi yadda aka so. Shugaba ɗaya ya riƙe kwalejin shekara 34, daga 1936 zuwa 1970. 'Ya'yan da aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu suka kai shekarun shiga jami'a, ɗalibai suka haura 700 a wajajen 1968. Aka ƙara ɗakunan kwana da ginin kimiyya a harabar da ta kai eka 300, da rafi yana ratsa ta. An yi ginin ne daidai da ɗalibai 700, kuma gini ba ya raguwa don masu shigarsa sun ragu.

Ruwa ya fara ja: 1969 zuwa 1978

A 1969 jami'o'in Yale da Princeton suka fara ɗaukar mata a karatun digirin farko, Vassar kuma, wadda ke cikin fitattun kwalejojin mata, ta fara ɗaukar maza. A cikin Pensilbaniya kanta, Franklin & Marshall ta buɗe wa mata ƙofa a 1969, Lafayette da Washington & Jefferson suka biyo baya a 1970. Waɗannan biyun na ƙarshe duk tushensu Presbyterian ne. Ma'ana, yarinyar da a da limamin cocinsu zai nuna wa wannan kwaleji ita kaɗai, yanzu tana iya shiga inda yayanta ya yi karatu. Ga kuma kwalejojin gwamnatin jiha da ke kusa, kuɗinsu bai kama ƙafar na masu zaman kansu ba. A 1960 kwalejojin mata a Amurka sun haura 200. Daga nan suka shiga raguwa, wasu suka haɗe da na maza, wasu suka rufe.

Tashin farashin mai na 1973 ya ƙara dagula lissafi, domin ɗumama tsofaffin gine-ginen dutse a hunturun Pensilbaniya ba ƙaramin kuɗi yake ci ba.

Alƙaluman sun nuna girman abin. A 1965 sababbin ɗalibai kusan 250 ne suka shiga. A 1978 su 55 ne. Jimillar ɗalibai ta sauko zuwa ɗan sama da 200.

An gwada abubuwa. An tattauna batun ɗaukar maza, aka ajiye shi. An rage kashe kuɗi. An riƙa ɗibar asusun ajiya ana cike giɓin kasafi, shekara bayan shekara. An ɗauko ƙwararru daga waje, suka ba da shawarar a ƙara darussan da ke kai mutum ga aiki kai tsaye kuma a gyara yadda ake neman ɗalibai. Shugabar da ta zo a 1975 ta tsaya kan tsarin gargajiya na ilimi mai faɗi, wato adabi, tarihi, falsafa, harsuna da kimiyya, wanda ba a ɗaura shi kan wata sana'a ba. Yawancin shawarwarin suka kwana a takarda.

Fabrairu zuwa Mayu 1979

A farkon Fabrairu 1979 aka kira wasu masana daga waje su duba halin da ake ciki, suka ce babu mafita. Kafin watan ya ƙare kwamitin amintattu ya sanar cewa za a rufe kwalejin a ƙarshen zangon karatu, a mayar da abin da ya rage na dukiyarta gidauniya mai ba mata tallafin karatu a wasu makarantu. Ofishin ɗaukar ɗalibai ya daina aiki. Ɗalibai suka fara neman inda za su koma, malamai suka fara neman aiki.

Tsofaffin ɗalibai ba su yarda ba. Suka kafa kwamitin ceto, suka bi juna ta waya da wasiƙa aji-aji, cikin 'yan makonni suka tara alƙawarin sama da dala miliyan 1. A ƙarshen Maris su da wasu ɗalibai da malamai suka shigar da ƙara a kotun gundumar.

Hujjarsu ba za ta yi wa mai karatun da ya san hukuncin waƙafi baƙo ba. Wanda aka ba riƙon dukiyar da aka keɓe don wata manufa ba mai ita ba ne, ba shi da ikon karkatar da ita zuwa wata manufa don kansa ya ga dama. Dokar Pensilbaniya kan ƙungiyoyin da ba na riba ba ta tanadi haka: kafin a sauya wa irin wannan dukiya alƙibla sai kotu ta amince, kuma sai an nuna cewa manufar farko ba za ta yiwu ba. Amintattun sun fara rufe kwalejin ba tare da sun je kotu ba.

An saurari shaidu a watan Mayu. A ranar 25 ga Mayu 1979, ana daf da bikin yaye ɗalibai da kowa ya ɗauka shi ne na ƙarshe, alƙali ya yanke hukunci. Ya hana a rufe kwalejin. Ya ce kadarorinta sun fi bashinta nesa ba kusa ba, kuma ba za a ce an rasa mafita ba alhali shawarwarin da aka biya kuɗi aka karɓa ba a gwada su ba. Ya cire shugabar daga kwamitin amintattu bisa yin amfani da ikonta ba daidai ba. Ya kuma cire wata mamba wadda ita ce shugabar wata fitacciyar kwalejin mata a jihar, domin kwalejinta na cikin masu iya cin gajiyar rufewar, ɗaliban da suka watse suna iya komawa can. Shugabar ta yi murabus, amintattu da dama suka bi ta, aka cike guraben da sababbin mutane, cikinsu har da waɗanda suka jagoranci ceton.

Bayan kotu: 1979 zuwa 2008

Hukunci bai dawo da ɗalibi ko ɗaya ba. Wani malamin kimiyyar siyasa na kwalejin, tsohon kanar a rundunar soja, ya karɓi riƙo. Da aka buɗe a kakar 1979, ɗaliban ba su wuce 100 da 'yan kai ba, a harabar da aka gina don 700.

Sabon kwamitin ya yi abin da tsohon ya ƙi. Cikin shekarun 1980 aka kawo darussan kasuwanci, da horar da mataimakan likitocin dabbobi, da ilimin kiwo da hawan dawaki. Waɗannan biyun na ƙarshe sun dace da wurin, domin yankin na manoma ne masu shanun madara, kwalejin kuma tana da fili. Akwai 'yan mata da dama da ba neman kwalejin mata ya kawo su ba, doki ne ya kawo su.

A 1982 aka buɗe sashen karatun manya, mafi yawa da yamma, don ma'aikata da matan aure da suka katse karatu. Wannan sashe yana karɓar maza, amma a matsayin 'yan jeka-ka-dawo, ba sa kwana a harabar. Ba a yi wata hayaniya a kansa ba, ko da yake nan ne ƙofar ta fara buɗewa. A 1994 aka kafa cibiyar noma mai kiyaye muhalli a gonar kwalejin. A 1996 aka fara wani shiri da kaɗan ne irinsa a ƙasar a lokacin: uwa mai rainon 'ya'yanta ita kaɗai za ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai tare da yaranta, tana aji ana kula mata da su. A 2006 aka fara digiri na biyu a fannin koyarwa.

Da waɗannan kwalejin ta rayu shekara talatin. Sai dai zuciyar abin, wato 'yan mata masu shekara 18 zuwa 22 da ke kwana a harabar suna biyan kuɗin ɗaki da abinci, ba ta sake kai 400 ba. Tsare-tsare sun yi ta sa buri, burin yana wucewa ba a cim masa ba. Alƙaluman da ake yawan ambata a Amurka sun nuna cewa kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ne kawai na 'yan matan sakandare ke yarda su duba kwalejin mata zalla.

Matsalar ta dawo: 2009 zuwa 2012

A 2009 aka buɗe sabon ginin kimiyya na kusan dala miliyan 25, da bashi a cikin kuɗinsa. An yi zaton gini na zamani zai jawo ɗalibai. Ya faɗo daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 2008, darajar asusun ajiya ta faɗi, iyaye suka ƙara duba farashi. Ɗaliban ba su ƙaru ba.

A 2011 na'urar ɗumama laburaren kwalejin, ginin shekarun 1920, ta lalace har ta yi wa ginin ɓarna, aka rufe shi. Mai kai 'yarsa ganin makaranta sai a nuna masa laburare a kulle.

Sabuwar shugaba ta kama aiki a wannan shekarar. Aka kafa kwamiti da ya haɗa amintattu, malamai, ma'aikata, ɗalibai da tsofaffin ɗalibai, aka ce kada su bar komai a gefe. Lissafin da aka baje a 2012 shi ne: jimillar ɗalibai ƙasa da 700, daga ciki 316 ne a sashen mata na asali, bashi dala miliyan 31, gyare-gyaren da aka jinkirta kusan dala miliyan 10, giɓin kasafi a shekara uku cikin huɗun da suka gabata. An ƙiyasta cewa sai an kai ɗalibai kimanin 1,000 kafin kuɗin shiga ya riƙe kuɗin fita. A lokacin kwalejojin mata da suka rage a Amurka ba su kai 50 ba.

Janairu 2013

Amintattu sun zauna a farkon Disamba 2012, suka ɗage yanke shawara. A ranar 13 ga Janairu 2013 suka amince da matakai a dunƙule. Za a ɗauki maza a kowane sashe, 'yan jeka-ka-dawo daga kakar 2013, masu kwana daga kakar 2014. Za a rage kuɗin makaranta da dala 5,000, ya koma dala 23,745 a shekara. Kwalejin za ta biya wa ɗalibi har dala 10,000 daga bashin karatun da ya ci na gwamnatin tarayya idan ya gama cikin shekara huɗu da sakamako mai kyau. Za a ƙara darussan lafiya, musamman aikin jinya, kuma a gyara gine-gine.

Wani ɓangare na tsofaffin ɗalibai ya sake tashi, cikinsu har da waɗanda suka yi gwagwarmayar 1979. Hujjarsu ta yi kama da ta wancan karon: takardar izinin kwalejin ta ce don mata aka kafa ta, kuma an fara ɗaukar maza kafin hukuma ta amince da gyaran takardar. Sun kuma ce ba a ba sauran matakan damar aiki su kaɗai ba kafin a taɓa asalin kwalejin. Suka kai koke ma'aikatar ilimi ta jihar, aka saurare su a tsakiyar 2014. A farkon 2015 ma'aikatar ta amince da gyaran. Wannan karon doka ba ta tsaya musu ba. Wasu suka janye gudummawarsu, wasu kuma suka ƙara tasu.

Sakamako: 2013 zuwa 2019

Shekarar farko ba ta nuna komai ba, ɗalibai suna ƙasa da 700 a kakar 2013. Daga nan adadin ya fara hawa: ya haura 1,000 a 2016, ya kusa 1,500 a 2018, ya wuce 1,600 a 2019. An tara dala miliyan 12 aka gyara laburaren aka faɗaɗa shi, ya buɗe a 2015. Sashen masu kwana ya ƙaru, amma babban kaso na ƙarin ya fito ne daga masu digiri na biyu, masu neman shaidar koyarwa, masu karatu ta intanet, da 'yan sakandaren da ke ɗaukar darussan kwaleji. Mata sun ci gaba da zama mafi rinjaye da nisa. Alaƙa da cocin Presbyterian tana nan.

Ba kowace 'yar'uwarta ce ta samu haka ba. Kwalejin Sheldon Jackson da ke Sitka a Alaska, wadda ita ma 'yan Presbyterian suka kafa a 1878, ta dakatar da karatu a 2007 kuma ba ta dawo ba. A ɗaya gefen, da amintattun kwalejin mata ta Sweet Briar a jihar Virginia suka sanar da rufe tasu a Maris 2015, tsofaffin ɗalibanta sun bi irin hanyar 1979, kotu da tara kuɗi, suka hana, kuma ta ci gaba a matsayin kwalejin mata.

Yadda nake ganin lamarin

Amintattun 1979 ba su yi kuskure a lissafin ɗalibai ba. Ajin mutum 55 ba zai riƙe eka 300 ba. Inda suka faɗi shi ne sun yanke cewa babu magani alhali maganin da aka rubuta musu ba su sha ba, sannan suka manta cewa su masu riƙon amana ne. Abubuwa uku suka haɗu suka ceci kwalejin a wancan karo: dokar da ta ɗaure dukiyar ga manufarta, ƙarancin bashi, da tsofaffin ɗaliban da suka zo da kuɗi a hannu ba da kuka kawai ba. Da ɗaya ya ɓace, da alƙali bai samu abin dogara ba. Kuma ko da hukuncin, da sabon kwamiti ya ci gaba da tsohon tsari, shekara biyu ko uku kawai za a ƙara.

Abin da bai yi aiki ba a duka lokutan biyu iri ɗaya ne: rage kashe kuɗi ana jiran ɗalibai su dawo da kansu, da yin gini da fatan gini zai kira mutane. Ginin 2009 ya sa ɗaliban kimiyya sun samu wurin aiki mai kyau, amma bashinsa ne ya rage wa kwalejin lokacin da za ta iya jira. A 1979 alƙali ya iya cewa kadara ta fi bashi nesa. A 2012 maganar ta fi wuyar faɗa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa masu adawa ba su samu irin goyon bayan da suka samu a baya ba.

Abin da ya yi aiki, daga 1982 har 2019, shi ne nemo wani sabon rukunin mutane da ke buƙatar abin da kwalejin ke da shi: ma'aikaci mai son karatun yamma, mai son aikin dabbobi, uwa mai goyo, malamin firamare mai neman digiri na biyu. Ɗaukar maza na cikin wannan jerin, sai dai ya fi sauran zafi domin ya taɓa sharaɗin dattijuwar 1869.

Ko ɗaukar mazan ne ya kawo ƙarin? A nan ba zan ba kowane ɓangare gaskiya duka ba. An zuba matakai da dama lokaci guda, don haka ba a iya ware rabon kowanne. Masu adawa suna da hujja idan suka nuna cewa digiri na biyu da karatun intanet ba su buƙatar namiji ya kwana a harabar. Shugabannin kuma suna da tasu: ba mazan kaɗai ake nema ba, ana neman kashi 97 na 'yan matan da ba sa ko buɗe takardar kwalejin mata, kuma shekara talatin na ƙoƙari ba su ɗaga sashen asali daga 300 da wani abu ba. Na fi karkata ga cewa da bashin dala miliyan 31 a wuya, jira ya fi haɗari. Amma wanda ya ce ba a rasa komai ba bai saurari matan da suka tara miliyan ɗaya a 1979 ba. Abin da suka ceto a kotu kwalejin mata ce, kuma ita ce ba ta nan yanzu, ko da yake sunan da gine-ginen da rafin suna nan. Shirin uwaye na 1996 ma an sauya masa suna, uba mai rainon ɗansa shi kaɗai yana iya nema.